Layi Uku a Bayan Gora: Yadda Ya Kamata Mu Zaɓi Baƙin Man Babur

A rumfunan gyaran babura, daga Kano har Maraɗi, akwai wani gwaji da kusan kowa ya yi imani da shi. Za a ɗiga baƙin mai a kan babban yatsa, a murza da manuniya, sannan a raba yatsun a hankali. Idan man ya yi yauƙi ya ja zare, sai a ce na ƙwarai ne. Idan ya tsinke da wuri, sai a ce ruwa ne. A kan wannan hukunci na ɗan lokaci ake ɗora lafiyar injin da wani ya sayar da sa, ko ya ci bashi, kafin ya mallaka.

A ganina lokaci ya yi da za mu yi sallama da wannan gwaji. Yatsa yana auna kaurin mai ne a inuwar rumfa, alhali injin zai yi aiki da shi a zafin da ya kai na tafasasshen ruwa, ko ma ya zarce. Haka kuma yatsa ba ya jin sinadaran da aka zuba a cikin man, waɗanda su ne suka raba man kirki da man banza. Abin da mai babur yake buƙatar sani yana rubuce a jikin gorar, cikin layi uku da ba su fi ƙarfin kowa ba: SAE da API da JASO. Wanda ya iya karanta su ya karɓe hukunci daga hannun mai shago ya mayar hannunsa.

Dalilin da ya sa babur ya fi mota wahalar da mai

A mota mai giyar hannu, injin yana da mansa, akwatin giya yana da nasa daban, kuloci kuwa a bushe yake aiki. A yawancin baburan da muke hawa, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da dangoginsu, duka ukun daga kwano ɗaya suke sha. Man da ke shafe fistin shi ne ke shiga tsakanin haƙoran giya, kuma a cikinsa faya-fayan kuloci suke wanka. Aiki uku ke nan a wuyan mai ɗaya, kuma buƙatunsu sun saɓa: fistin santsi yake so, giya tana son man da ba ya tsinkewa idan an matse shi, kuloci kuma yana son ya samu abin kamawa.

Ga kuma ƙarancin man. Ƙaramar mota takan ɗauki kimanin lita 4, tana da lagireto da ruwa da fanka masu rage mata zafi. Ƙaramin babur kimanin lita 1 yake ɗauka, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, sai man da ke kwaso zafi daga cikin injin. Idan aka tsaya a cunkoso a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, iskar ma ta ɗauke, nauyin ya koma kan wannan lita guda. Masana man inji suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Ƙara da cewa injin ƙaramin babur yakan juya sau 7,000 ko fiye a minti ɗaya idan an ba shi wuta sosai, ga shi da yawansu ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce kawai da wani kofi mai juyawa da ke tara datti.

Akwai wani tarihi da ya shafe mu a nan. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin Honda sun zagaya wasu ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane na hawan babur da man da ya daɗe har ya zama kamar kwalta. Sai suka ƙera samfurin CG125 da injin da zai iya jure sakaci. Tsarin wannan injin ne kamfanonin Sin da dama suka kwaikwaya, kuma 'ya'yansa da jikokinsa ne suka cika hanyoyinmu. Wannan haƙuri na injin shi ke ruɗin mu. Ba ya kuka da wuri, sai mu ɗauka man da muke zuba masa ya karɓe shi, alhali a hankali yake cinye kansa.

Layi na farko: SAE, ma'aunin kauri

Lambobi irin 20W-50 ko 10W-40 sun fito ne daga ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wato SAE. Harafin W farkon kalmar hunturu ne a Turanci, lambar da ke gabansa kuwa tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 10W kuma a digiri 25 ƙasa da sifili. Ko a tsakiyar hunturu ba ma ganin irin wannan sanyi a ƙasar Hausa, saboda haka lambar farko ba ta cika zama abin damuwarmu ba. Ta biyun ce tamu, domin ita ke faɗin kaurin man a digiri 100, kusa da zafin da injin ke aiki a cikinsa. Hamsin ya fi arba'in kauri, arba'in ya fi talatin.

Wace lamba ce daidai? Wadda masu ƙera babur ɗin suka rubuta a ɗan littafin da ke zuwa tare da shi. Su suka auna ratar da ke tsakanin ƙarafan, su suka san ƙarfin famfon mai da faɗin hanyoyin da yake bi. Baburan aiki da yawa ƙirar Indiya da Sin suna neman 20W-50 ko 20W-40, wasu sababbin ƙira kuwa, musamman na Honda, 10W-30 suke nema. Idan littafin ya ba da zaɓi gwargwadon yanayi, mu da muke cikin zafi sai mu ɗauki mai kaurin daga cikin waɗanda ya halatta, kada mu tsallake iyakar da ya gindaya.

Man da ya wuce kima a kauri yana jinkirin isa kan injin, inda bawul suke, a daidai lokacin da aka tayar da babur da safe, kuma a wannan ɗan lokaci ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Yana kuma sa injin ya yi ta ja da nauyi, fetur ya ƙara ƙonewa a banza. Abin da ya sa kauri ya yi farin jini ba ɓoyayye ba ne: idan ringi ya cinye, mai kauri yana rage hayaƙi ya kuma danne ƙara, sai mai babur ya ji kamar an yi masa gyara. Lulluɓe ciwon aka yi, ringin na nan yadda yake. Man da aka rubuta masa SAE 40 kawai, ba tare da W ba, shi ma ba laifi ne a kansa ba a yanayinmu, matuƙar littafin ya yarda da shi kuma sauran layuka biyun sun cika.

Layi na biyu: API, ma'aunin abin da aka zuba a ciki

Mafi yawan abin da ke cikin gora gundarin mai ne da aka tato daga ɗanyen mai. Ragowar, wadda ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ita ce sinadaran da ke yin aikin da ido ba ya gani: masu wanke datti, masu riƙe toka kada ta kwanta, masu hana kumfa, masu hana tsatsa, da haɗin zinki da fosfaras da ke shimfiɗa kariya a fuskar ƙarfe. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ke ba wa wannan haɗi daraja da haruffa biyu. Harafin S na injin fetur ne, C na injin dizal. Harafi na biyu kuwa yana hawa ne bisa jerin abacada: SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Littattafan babura da yawa suna neman SG ko abin da ya fi shi, kuma SL ya wadatar da yawancin baburan aiki.

A can ƙasan tsanin akwai SA, wanda babu sinadarin kariya a cikinsa, kuma ita kanta API ta yi gargaɗin cewa bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. To, gundarin man da ake aunawa daga duro a zuba a tsohuwar gora, ba suna ba lamba, a wannan mataki yake. A yatsa yana iya fin man kirki yauƙi.

Nan ma akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Mutane kan yabi man da ya daɗe bai yi baƙi ba, su zagi wanda ya yi duhu cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa akasin haka ne gaskiya. Man kirki yana yin baƙi ne domin ya ɗebo dattin ya riƙe shi, ranar juye su fita tare. Wanda ba shi da sinadarin wanki yana iya zama garau, dattin kuwa ya kwanta a gindin injin ya zama laka, ya toshe ragar mai.

Layi na uku: JASO, layin da ya keɓanta da babur

Wannan ne layin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne amsar tambayar da ake yawan yi, ko za a iya zuba wa babur man mota. Tun shekarun 1990 masu haɗa man mota suka dage wajen ƙara masa sinadaran santsi domin rage shan fetur. A mota wannan riba ce, tunda kulocinta ba ya taɓa man. A babur kuwa santsin yana shiga tsakanin faya-fayan kuloci, sai su riƙa zamewa. Alamar sananniya ce: ka ba da wuta a kan tudu ko da kaya, injin ya yi kuka, gudu bai ƙaru ba. Zamewar tana haifar da zafi, zafin ya ƙona faya-fayan.

Don haka ne a 1998 hukumar daidaita ma'aunin motoci ta Japan, JASO, ta fito da ma'auni na musamman ga man babur mai bugu huɗu, wanda ake rubuta wa 4T. Ta kasa shi biyu: MA na baburan da kulocinsu ke cikin mai, MB kuma mai santsi na waɗanda kulocinsu ke bushe. A 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi ba kuloci kamu. Saboda haka mai Boxer ko TVS ko Haojue ya nemi MA ko MA2. Haka ma mai A Daidaita Sahu ya duba littafinsa, domin kulocin yawancinsu a cikin mai yake. Idan ka ga gorar man mota ɗauke da tambarin API mai da'ira, an rubuta “Energy Conserving” ko “Resource Conserving” a ƙasansa, ka bar wa masu mota kayansu.

A kula da wani tarko. Ƙananan baburan nan da ake kira roba-roba, masu giyar ƙafa ba tare da hannun kuloci ba, su ma suna da kuloci a cikin mai, saboda haka MA suke so. MB na sikuta ne mai tafiya da bel, wadda ba a sa mata giya ko kaɗan.

Sai kuma tsofaffin injina masu bugu biyu, irin Jincheng AX100 da tsohuwar Vespa, waɗanda ke ƙona mai tare da fetur. Nasu man daban ne, 2T, kuma darajojinsa a ma'aunin JASO su ne FB da FC da FD, na ƙarshen biyun sun fi ƙarancin hayaƙi. Zuba musu 4T a madadinsa yana barin gawayi a kan fistin, ya kashe fulogi, ya toshe salansa.

Hujjar mai neman araha

Ba adalci ba ne a yi wannan magana kamar ba a san halin da ake ciki ba. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo. Dalili kuwa shi ne daga waje ake shigo da gundarin man da sinadaransa. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an yi mata sashen samar da gundarin baƙin mai, amma ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Ɗan acaɓar da zai kai wa mai babur balas da yamma, ya sayi fetur, ya kai cefane gida, idan ya zaɓi man awo ba wauta ce ta sa shi ba. Kuma yana da hujja: yakan ce shi duk mako yake juye, kafin man ya lalace ya fitar da shi.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, domin a injin da ba shi da matatar kirki, cikin ƙura irin tamu, yawan juye yana fitar da datti. Sai dai juye ba ya ƙirƙiro sinadarin da tun farko babu shi. Man da ba shi da kariya, tun daga ranar farko ƙarfe yake bari ya ci ƙarfe.

Mu ma yi lissafi. Mu ƙaddara mutum yana yin kilomita 100 a rana, kwana 6 a mako. Idan duk mako yake juye, yana zubar da man ne bayan kilomita 600, kuma a wata zai sayi lita 4. Idan ya koma man da ya cika layuka ukun nan yana juye duk mako biyu, wato bayan kilomita 1,200, tazarar da ba ta kai abin da littattafan baburan nan suka halatta ba, lita 2 zai saya. Ko da kuɗin man kirki ya ninka na awo, kuɗin wata ɗaya ne. Bambancin yana bayyana ne ranar da aka sauke injin: fistin da ringi da faya-fayan kuloci, da ladan bakanike, da kwanakin da babur zai yi a rumfa ba a samu ko sisi ba, ga balas na taruwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Wannan ba ya nufin sai an sayi mafi tsada. Man da ake kira sintetik ya fi jure zafi, kuma yana da amfani ga manyan babura masu gudu. Amma ga babur mai siisii 100 ko 125 da ke yini cikin ƙura, wanda datti zai tilasta a juye masa mai tun kafin man ya gaji, man gama-gari da ya cika sharuɗɗa ya isa. Rarar kuɗin a sa ta a wajen kula da soson tace iska, domin ƙurar hunturu da ta tsallake shi tana gauraya da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, kuma babu man da ke iya maganin wannan.

Gora mai kyau, ciki jabu

Layuka ukun suna da amfani ne idan abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta. Masu jabu sun san haka, shi ya sa suke sayen tsofaffin gorunan manyan kamfanoni su cika da gundarin mai ko tsohon man da aka tace. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama irin waɗannan kaya. Kariyar mai saye ita ce ya je gidan mai ko wurin dilan da kamfani ya amince da shi, ya duba hatimin murfi, ya nemi lambar rukunin haɗi da tambarin MANCAP a kan man da aka haɗa a Najeriya, ya kuma yi shakkar duk farashin da ya faɗi ƙasa da na ko'ina. A buɗe gorar a gabanka, a zuba a gabanka. Idan an gama, ka huda ta kafin ka yar, kada gobe a sayar wa ɗan'uwanka ita cike da wani abin.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Sabon babur a yi masa juyen farko da wuri kamar yadda littafi ya ce, galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe. A juye mai injin na da ɗumi. A riƙa duba sandar awo babur na tsaye daidai a wuri mai baje, tunda a injin da ke ɗaukar lita 1, raguwar kofin shayi ɗaya babban giɓi ne. Cikawa fiye da kima kuma yana sa kumfa da yoyo. Tsohon man kuwa kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa a fata da sunan maganin ƙaiƙayi, domin yana ɗauke da guba da ke da alaƙa da sankarar fata.

Nauyin da ke kan wasu

Ba daidai ba ne a jibge wa mai babur dukkan alhakin. Dillalan da ke haɗa babura daga kwali ya kamata su miƙa wa mai saye littafinsa, su nuna masa shafin mai, maimakon a bar shi a cikin tarkacen kwalaye. Kamfanonin da suka iya tallar mai da Hausa a rediyo ba za su gagara buga layi biyu na bayani da Hausa, boko da ajami, a bayan gora ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na masu A Daidaita Sahu, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kullum, suna iya sayen mai da yawa kai tsaye daga dila su sayar wa mambobinsu, farashi ya sauka, mai jabu ya rasa kasuwa. Kanikawa kuma, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa tasiri a kunnen mai babur, su ne suka fi cancanta a fara koya wa ma'anar waɗannan haruffa, domin duk yaron da ya koyi aiki a hannunsu da abin da ya gani zai buɗe tasa rumfar.

Kafin waɗannan su motsa, mai karatu yana da abin da zai iya yi tun daga juye na gaba. Ka nemo littafin babur ɗinka, ko ka tambayi dilan samfurinsa, ka kwafi abu uku a takarda ka ajiye ƙarƙashin kujera: lambar kauri, darajar API, da MA ko MB. Idan mai shago ya miƙo gora, ka juya bayanta ka gwada da takardarka. In sun dace ka biya, in ba su dace ba ka mayar masa cikin mutunci ka nemi wata. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun haruffa kaɗan ne ke yaye shi.